Filin Jirgin Saman Kano: Daga Sansanin Yaƙi Zuwa Tashar Alhazai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Bugaje, ko a wani gari na ƙaramar hukumar Jibiya, ya san cewa iyakar Nijeriya da Nijar ba ta raba dangi ba. Harshe ɗaya ne, ana auratayya, fatake kuma suna kai da komowa tsakanin kasuwar Jibiya da ta Maraɗi. Amma ba kowane ɗalibi ne ya san cewa daga tsakiyar shekarar 1940 zuwa ƙarshen 1942 wannan iyaka ta raba hukumomi biyu masu gaba da juna a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Kudu da ita Ingilishi ne ke mulki, suna yaƙi da Jamus. Arewa da ita kuwa Faransawa ne masu biyayya ga gwamnatin da aka kafa a garin Bishi bayan Jamus ta ci Faransa, wadda ke ɗasawa da Jamusawa. Wannan hali da iyakar ta shiga yana cikin dalilan da suka sa wani ɗan fili a arewacin birnin Kano ya zama ɗaya daga cikin muhimman sansanonin jiragen yaƙi a nahiyar Afirka.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda aka kafa sansanin, da ilmin kimiyyar da ke tattare da shimfiɗa filin jirgi, da kuma abin da ya zama makomarsa bayan sojoji sun naɗe kayansu. Babbar tambayar da ake son ɗalibi ya riƙe ita ce: me ya sa wani filin yaƙi yake rayuwa bayan yaƙi ya ƙare, wani kuwa ciyawa ta cinye shi?

Kafin Yaƙi

Jiragen sama sun fara isowa Kano ranar 1 ga watan Nuwamba 1925. Guda uku ne na Rundunar Sojan Sama ta Ingila, ƙirar DH.9A masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, waɗanda suka taso daga Halwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Da yake babu filin jirgi a lokacin, sai suka sauka a filin da ake wasan dawaki. Manufar tafiyar ita ce a gwada ko jirgi zai iya ratsa Afirka daga Kogin Nilu zuwa Nijeriya.

A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Kartum da Kano, kafin ƙarshen shekarar kuma ya miƙa hanyar zuwa Ikko. Saboda wannan zirga-zirga aka share filayen sauka a Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato birnin Njamena na yanzu, da kuma Aljinaina da Alfashir da Al'ubayyid a ƙasar Sudan. Galibinsu filaye ne na ƙasa zalla, da ɗan ɗakin ajiye mai da na wayar iska.

Akwai abin lura a nan. Waɗannan garuruwa ba Turawa ne suka fara jera su a kan hanya ɗaya ba. Su ne zangunan da alhazan ƙasar Hausa da Barno suka daɗe suna bi da ƙafa da jakuna da raƙuma zuwa gaɓar Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru, har wasu su zauna a Sudan ba su komo ba. Hanyar sama ta bi sawun hanyar ƙasa ne, domin inda ake da ruwa da kasuwa da hukuma, nan ne ake iya ajiye mai da ma'aikata.

Dalilin da Ya Sa Kano Ta Zama Sansani

Ranar 10 ga watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, ranar 22 ga watan kuma Faransa ta miƙa wuya. Nan da nan Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Ga shi kuwa sojojin Ingila da ke Masar suna fuskantar na Italiya da ke Libiya, suna kuma matuƙar bukatar jiragen yaƙi. Idan aka ɗora jiragen a jirgin ruwa aka zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar kan ci kimanin wata biyu ko fiye.

Sai aka tuna da hanyar 1936. Aka shirya cewa za a riƙa kawo jirage a wargaje cikin manyan akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Ghana, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su tuƙa su zango-zango har Masar. Matsalar da ta rage ita ce ta ƙasashen da za a ratsa. Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Alƙahira, tsawonsa kimanin kilomita 3,000 ne, amma ya bi ta sararin Nijar mai biyayya ga Bishi, da Libiya ta Italiya, da hamadar da ba ta da wurin shan mai. Gabar da ke tsakanin Ingila da Bishi kuwa ba ta fatar baki ba ce, domin a watan Satumba 1940 sun yi musayar wuta a Dakar.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne matakin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Giyana ta Faransa, ya ɗauka ranar 26 ga watan Agusta 1940, lokacin da ya juya wa Bishi baya ya bi Janar de Gaulle. Da haka Fort Lamy ta zama zangon aminci tsakanin Maiduguri da Sudan. Hanyar ta yi gwiwa ƙwarai, ta kai kusan kilomita 6,000, amma Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kano ce ta fi dacewa ta zama babban zango a tsakiyar wannan hanya, saboda jirgin ƙasa ya iso ta tun 1911, ana iya kawo mata man jirgi da kayan gyara a taragu. Maiduguri kuwa ba ta sami jirgin ƙasa ba sai 1964, don haka sai da motoci ake kai mata mai. Sai dai Kano ba ta kai kilomita 150 daga iyakar Nijar ba, tazarar da jirgin yaƙi na wancan zamani ke ci cikin ƙasa da rabin awa. Wannan ya sa hukumar Ingilishi ta sa ido ƙwarai a kan iyakar arewa. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, domin a watan Janairu 1942 wani jirgin Jamus ya ƙetare hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy, ya ƙone man da aka tara.

Tafiyar Kwana Shida

Rukunin farko ya tashi daga Takoradi a watan Satumba 1940. Yawanci akan tafi ne a ayari: jirgi ɗaya ƙirar Blenheim mai inji biyu, wanda ke ɗauke da mai duba hanya da mai wayar iska, shi ne madugu, sa'an nan ƙananan jiragen faɗa ƙirar Hurricane kamar shida su bi shi a baya. Daga Takoradi zuwa Ikko akan bi gaɓar teku, domin Togo da Dahomi suna hannun Bishi. Daga Ikko zuwa Kano kimanin kilomita 840 ne. Daga nan sai Maiduguri, kimanin kilomita 500, sai Fort Lamy, sai Aljinaina da Alfashir zuwa Kartum, sa'an nan a bi Kogin Nilu zuwa Masar. Idan komai ya tafi daidai, tafiyar kan ɗauki kwana shida.

Me ya sa zangunan suka yi yawa haka? Amsar tana cikin tankin mai. Jirgin Hurricane ba ya iya cin kilomita 1,000 da man da ke cikinsa, sai an ƙara masa tankuna. Bugu da ƙari, dole matuƙi ya rage wani abu saboda ɓatan hanya ko iska mai tare gaba. Don haka tazarar da ke tsakanin filaye ba son rai ba ce, ƙarfin jiragen zamanin ne ya yanke ta. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin zai sake tasowa a gaba.

Matuƙan sun sha wahalar hazo a lokacin hunturu, da hadari a lokacin damina, da yashi mai shiga inji, da zazzaɓin cizon sauro. Akan shafa farin fenti a bayan wasu jiragen domin a hango su idan sun faɗi a daji. Duk da haka, zuwa shekarar 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Wani abin sha'awa shi ne, Arthur Coningham, wanda ya jagoranci tafiyar 1925, shi ne ya zama kwamandan sojan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya daga 1941, wato ya yi yaƙi da jirage da dama da suka bi hanyar da ya gwada.

Daga 1941 Amurkawa suka shigo, da farko ta hannun wani reshe na kamfanin Pan American, daga baya kuma sojan Amurka suka karɓi aikin a ƙarshen 1942. Jiragensu kan taso daga Amurka su bi ta Barazil, su ƙetare Tekun Atlantika zuwa Akara, sa'an nan Kano da Maiduguri da Kartum, wasu har Indiya da Sin. A wannan lokaci aka faɗaɗa filayen, aka ƙara gine-gine da na'urorin sadarwa da na auna yanayi. Aikin ƙarfi kuwa, na sharar fili da haƙar marmara da ɗaukarta a ka da daɓe ta, 'yan ƙasa ne suka yi shi.

Kimiyyar Shimfiɗa Filin Jirgi

Jirgi yana tashi ne idan iska ta ratsa fikafikansa da isasshen gudu, har ƙarfin da ke ɗaga shi ya rinjayi nauyinsa. Wannan ƙarfi ya dogara a kan faɗin fiffike da siffarsa, da gudun iskar da ke ratsa shi, da kuma kaurin iskar. Abubuwa biyu na ƙarshe su ne suke yanke yadda za a shimfiɗa titin jirgi.

Na farko shi ne inda titin zai fuskanta. Jirgi ya fi son tashi da sauka yana fuskantar iska. Alal misali, a ce jirgi yana bukatar iska ta ratsa fikafikansa da gudun kilomita 150 a awa kafin ya ɗaga. Idan iska mai gudun kilomita 20 tana bugo shi ta gaba, da ya kai gudun 130 a ƙasa zai tashi. Idan kuwa ta baya take bugo shi, sai ya kai 170. Nisan da zai yi yana gudu a ƙasa yana ƙaruwa ne gwargwadon gudun idan aka ninka shi da kansa: 130 sau 130 ya ba da 16,900, 170 sau 170 kuwa 28,900. Ke nan mai tashi da iska a bayansa yana bukatar ƙarin titi na kimanin kashi 70 cikin 100.

A ƙasar Hausa manyan iskoki biyu ne. Da rani iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, da damina kuwa iska mai laima kan taso daga kudu maso yamma. Da yake kishiyoyin juna ne, titi ɗaya da aka shimfiɗa a kan wannan layi ya wadatar duk shekara. Wannan ne ya sa babban titin Kano yake ɗauke da lamba 06 a wannan kai da 24 a wancan. Lambar tana nuna kusurwar kamfas ce da aka cire mata sifilin ƙarshe: 06 na nufin digiri 60 daga arewa, wato arewa maso gabas, 24 kuwa digiri 240, wato kudu maso yamma. Bambancin lambobin biyu kullum 18 ne, domin digiri 180 ke tsakanin gaba da baya.

Na biyu shi ne tsawon titin. Iska takan yi sirara idan aka hau tudu, takan kuma yi sirara idan ta yi zafi, saboda ƙwayoyinta suna warwatsuwa. Masana sun ɗauki iskar bakin teku mai zafin digiri 15 a matsayin ma'auni, inda kowace mita ɗaya murabba'in akwati, wato mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, take da nauyin kilogiram 1.225. Filin Kano yana bisa tudun mita 476 daga bakin teku, a watan Afrilu kuma zafi kan kai digiri 40. Idan aka haɗa tasirin tudu da na zafi, iskar takan ragu da kimanin kashi 13 cikin 100. Sakamakon haka dole jirgi ya ƙara gudu da kimanin kashi 7 cikin 100 kafin ya ɗaga, alhali injinsa ma ya rage ƙarfi saboda ƙarancin iskar da yake shaƙa. Shi ya sa matuƙa suke son tashi da sassafe, kuma shi ya sa babban titin Kano na yau ya kai mita 3,300.

Na uku shi ne abin da aka daɓe titin da shi. Marmara, wato jar tsakuwar da ta yawaita a Arewa, tana da ƙarfi idan ta bushe, kuma ta ishi ƙananan jirage. Amma da rani takan tayar da ƙura mai cin inji, da damina kuma ruwa kan tausasa ta. Da jirage suka ƙara nauyi, dole aka koma ga kwalta da kankare, tare da magudanan ruwa a gefe.

Rufe Sansani

Ranar 8 ga watan Nuwamba 1942 sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya. Kafin ƙarshen watan, Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar ya mayar da Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar, ɓangaren ƙawance. Iyakar Jibiya ta daina zama ta abokan gaba. A watan Mayu 1943 sojojin Jamus da Italiya suka miƙa wuya a Tunisiya, Bahar Rum ta buɗe, hanyoyi mafi kusa suka samu. Daga nan zirga-zirgar yaƙi ta Kano ta fara raguwa. Bayan yaƙi ya ƙare a 1945, sojojin ƙetare suka janye, filin ya koma hannun hukumar farar hula.

A nan ne makomar kowane filin yaƙi takan rabu. Titi da rumfunan jirage da rijiyoyin mai suna bukatar kuɗin gyara kowace shekara. Idan babu mai amfani da su, babu mai biya, sai tsagewa da ciyawa da gara su gaje su.

Sabuwar Rayuwa

Kano ta tsira ne saboda bukatu biyu da suka tarar da filin a shirye. Ta farko ita ce ƙetare Sahara. Jiragen fasinja masu farfela na bayan yaƙi ba su iya tashi daga Turai su kai tsakiya ko kudancin Afirka ba tare da shan mai ba. Kano ce babban birni na farko da ake tararwa bayan hamada, ga titi, ga mai, ga ma'aikatan da suka ƙware tun lokacin yaƙi. Don haka kamfanin BOAC na Ingila da KLM na Holan da Sabena na Beljiyam suka mayar da ita zango a kan hanyarsu ta zuwa Ikko da Kwango da Afirka ta Kudu. A cikin gida kuma aka kafa kamfanin jiragen saman Afirka ta Yamma a 1946, wanda daga gare shi ne Nigeria Airways ya samo asali a 1958. Birnin da ya shahara da ayarin raƙuma masu zuwa Tarabulus ya sake zama mashigar hamada, amma ta sama.

Bukata ta biyu ita ce aikin hajji. Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Tafiyar da kakanni suka yi cikin shekaru, jirgin zamani yana yin ta cikin kimanin awa biyar. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara komawa ga jirgin sama, Kano ta zama babbar tashar tashinsu, ba ga Kanawa kaɗai ba, har ga mutanen Katsina da sauran lardunan Arewa kafin jihohi su sami filayensu. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Aikin soja ma bai ƙaura gaba ɗaya ba. An kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya a 1964, a watan Agusta 1967 kuma, farkon yaƙin basasa, a Kano aka sauke jiragen yaƙi ƙirar MiG da aka samo daga Tarayyar Sobiyet. Rundunar ta kuma kafa makarantar koyon tuƙi a wani sashe na filin.

Sai dai ƙa'idar tankin mai da ta ɗaukaka Kano ita ce kuma ta rage mata kasuwa. Da jirage masu injin jet suka shigo a shekarun 1960, irin su Boeing 707 da VC10, sai ya zama ana iya tashi daga Landan a sauka Ikko kai tsaye, tazarar kimanin kilomita 5,000. Jirgin da ba ya bukatar mai ba ya bukatar zango. Ƙaurar babban birnin tarayya zuwa Abuja a 1991 ta ƙara janye fasinjoji, a 2012 kuma KLM ya daina zuwa Kano. Abin da ya riƙe filin shi ne bukatar mutanen yankin kansu: alhazai da masu umra da 'yan kasuwa da matafiya na cikin gida.

Darussa Masu Ɗaci

Tarihin filin bai rasa baƙin ciki ba, kuma yana nuna cewa ƙa'idojin da aka bayyana a baya batu ne na rai da mutuwa. Ranar 24 ga watan Yuni 1956 wani jirgin BOAC ya tashi daga Kano ana cikin hadari, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 32 suka rasu. Bincike ya nuna cewa iskar hadarin ce ta juya farat ɗaya, wadda ke bugo shi ta gaba ta koma ta baya, fikafikan suka rasa abin da zai riƙe su. Yau masana sun san cewa gajimaren hadari yakan tunkuɗo iska ƙasa da ƙarfi, ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina, an kuma ƙera na'urorin da ke gargaɗin matuƙa game da ita.

Ranar 22 ga watan Janairu 1973, cikin hunturu, wani Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda, wanda aka karkato da shi daga Ikko saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 4 ga watan Mayu 2002 kuma wani jirgin fasinja ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja bayan tashinsa, fiye da mutum 100 suka rasu, har da waɗanda ke cikin gidajensu. Filin da aka shimfiɗa a bayan gari yanzu birni ya kewaye shi. Wannan darasi ne ga masu tsara birane: dole a bar sarari a bakin titin jirgi ta kowane kai, a hana dogayen gine-gine da juji mai tara tsuntsaye a kusa da shi. Rigakafi ya fi magani.

Makomar Wasu Filaye

Kwatanci zai ƙara haskaka batun. Filayen Maiduguri da Njamena da Akara da Ikeja duk sun bi sawun Kano, sun zama filayen farar hula, domin suna kusa da manyan garuruwa masu matafiya. Filin Uli kuwa, a Jihar Anambara ta yanzu, wani yanki ne na hanyar mota da aka faɗaɗa lokacin yaƙin basasa, inda jirage ke sauka da dare da kayan agaji da makamai. Da yaƙi ya ƙare a watan Janairu 1970 aikinsa ya ƙare, domin yaƙi ne kaɗai ya haife shi. A Ingila, filin Silverstone da aka buɗe a 1943 domin horar da matuƙan jiragen bama-bamai ya zama fagen tseren motoci daga 1948, saboda shimfiɗaɗɗen titinsa ya dace da wata bukata dabam.

Batun bai zama na tarihi kawai ba. A Agadas, Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa, wanda ya fara aiki a 2019. A watan Maris 2024 hukumomin Nijar suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, ranar 5 ga watan Agusta 2024 kuma sojojin Amurka suka fice daga sansanin suka bar shi a hannun Nijar. Tambayar da ta fuskanci Kano a 1945 ita ce ta fuskanci Agadas: wa zai yi amfani da titin, kuma wa zai biya kuɗin kula da shi?

Kammalawa

A taƙaice, yaƙi ya faɗaɗa filin jirgin Kano, amma ba shi ne ya raya shi ba. Abin da ya raya shi shi ne cewa hanyar da yake kai tana da matafiya tun kafin yaƙi, kuma ba su ƙare ba bayansa. Fasaha ta ɗaga darajarsa lokacin da jirage ke bukatar zango, ta kuma sauke ta lokacin da suka daina bukata, amma alhazai da fatake ba su daina tafiya gabas ba. Duk lokacin da aka yi shawarar gina sabon filin jirgi a wata jiha, ko aka gaji wani daga hannun soja, wannan ma'auni ne ya kamata a fara ɗora shi a kai. Ɗalibin Bugaje da ya raka wani nasa tashar alhazai yana iya duba lambar da aka rubuta a bakin titin jirgi, ya gane daga gare ta inda iskar hunturu take fitowa.

Tambayoyi da Aikin Aji

1. Kawo dalilai uku da suka hana jiragen Ingila bin miƙaƙƙen layi daga Kano zuwa Alƙahira a 1940.

2. Idan wani kai na titin jirgi yana ɗauke da lamba 05, wace lamba ce take ɗaya kan? Wace kusurwa kowanne yake fuskanta?

3. Jirgi yana bukatar iska mai gudun kilomita 200 a awa kafin ya ɗaga. Lissafa gudun da zai yi a ƙasa idan iska mai gudun kilomita 30 tana bugo shi ta gaba, da kuma idan ta baya take bugo shi.

4. Bayyana dalilin da ya sa jirgi mai cikakken kaya ya fi samun sauƙin tashi daga Kano da asubar watan Janairu fiye da azahar ɗin watan Afrilu.

5. Malami ya sa ɗalibai su kafa sanda mai ƙyalle a filin makaranta, su riƙa rubuta inda iska take fitowa safe da yamma har mako huɗu, sa'an nan su zana inda ya dace titin jirgi ya fuskanta a garinsu.

6. Ɗalibai su zana taswirar hanyar Takoradi zuwa Alƙahira, su kuma tambayi dattawan garinsu zangunan da alhazan da suka tafi ta ƙasa suka bi, sa'an nan su kwatanta hanyoyin biyu.